Sunayen da Ba Su Isa Yamai Ba

Malam Alkasum, don Allah ka taimake ni da shawara.

Ina aiki a biron wani proje mai rabon hatsi a Damagaram, saboda farin bana. Ni na rubuta ɗan program ɗin da ke aika sunayen mabuƙata zuwa ordinatar Yamai, wato kwamfutar da ke can. Yana buɗe soket, wato ƙofar rezo, hanyar sadarwar na'urori, ya tura sunaye, ya rufe nan take. Na gwada da mutum ashirin, lafiya lau. Ashe in jerin ya yi tsawo, rezo ya yi rauni, ƙarshensa ne ke yankewa.

Ka san rajistar ƙauye. Magidanta ke farawa, matan da mazansu suka rasu ko suka tafi ci-rani sai su koma gefe har a gama. Su ne ƙarshen jeri. A ƙauyen Gouna mata talatin da ɗaya ko tiya guda ba su samu ba. Ɗayarsu, Zuliha, ta zo da goyo ta yini a bakin biro. Shef, shugaban bironmu, ya ɗora wa Yamai laifi, ni kuwa na ja bakina. Saura kwana tara rabo na biyu. Kunya nake ji, kuma ina tsoron kora. In gyara a ɓoye?

Wani ɗan Birni

Ɗana, tsoronka ba wauta ba ne, aiki ya yi wuya bana. Kuskuren ma manya sun yi shi kafin kai.

Gyaran bai da yawa. Umarnin turawa yana faɗa maka adadin abin da ya karɓa. Duba shi, ka yi ta tura ragowar har ta ƙare. Sannan ka rufe ɓangaren aikawa kawai, ka bar na saurare. Sa ordinatar Yamai ta amsa da yawan sunayen da ta gani. In ya zo daidai da naka, rufe soket. In shiru, sake aikawa. Ka gwada da suna dubu biyar a rezo mafi lalacewa.

Gyara a ɓoye zai kare rabo na biyu, amma na farko ya tafi ke nan, don babu wanda zai nemi abin da bai san ya ɓata ba. Je wurin shef gobe da jerinka, da na Yamai, da gyaran a hannu. Zai yi faɗa, kuma ban yi maka alkawarin ba zai kore ka ba. Sai dai kaf biron nan kai kaɗai ka san inda sunayen matan nan suka ɓace.

Allah ya ƙarfafa zuciyarka, ya ba mu damina mai albarka.