Malam, Da Aure Ko Babu?

Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa da tambayar jiki, ni ce Hajara, daga gidanka na Ƙofar Dumi. Ka san ban iya rubutu ba. Rifkatu maƙwabciyarmu, tsohuwar malamar firamare, ita ke rubutawa a wayarta. Ta ce za ta sa a inda mutane ke gani, wataƙila wani a can Inkil, ƙauyen da kake, ya karanta maka. To su gani. Kunyar ta ƙare mini.

Wani littafi take karanta mini da la'asar. Labarin zamanin dawakai da ganuwa ne. Miji ya dawo daga yaƙi, shi da matarsa ba sa ga-maciji, shekara da shekaru. Sai ruwan sama ya tsare su a rumbu ɗaya. Daga nan Rifkatu ta kama tari tana tsallake shafi. Na ce karanta, ni da na haihu har na gaji, me za a ɓoye mini?

Ta karanta. Wallahi sai da na ja mayafi na rufe fuska.

Amma wadda ta rubuta littafin yarinya ce, na rantse. A ganinta da jiki ya taɓa jiki shi ke nan, gaba ta mutu. Ina! Mu da gwiwa ta tafi, haƙori ya zube, wane rumbu zai shirya mu?

Ranar da ka ɗaure kayan ƙirarka ka ce gona za ka koma, na ce ba na barin cikin gari. Ka ce, "To zauna." Iyakarta ke nan. Ba ka ce ka sake ni ba, ba ka kuma dawo ba. Har gobe ban ce kai ke da gaskiya ba.

Satin nan mijin Ladidi ta unguwarmu ya rasu, ta shiga takaba. A wurin gaisuwa wata ta ce, "Ke fa Iya, in Malam ya riga ki, za ki yi?" Aka yi dariya. Ni ban yi ba. An ce ƙafarka ta kumbura, ko masallaci ba ka zuwa. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In na ji babur ya tsaya a ƙofar gida sai in leƙa, kada dai saƙon rasuwarka aka kawo.

Ina tsoro, Malam. Kada ka tafi ban san ko ni wace ce a wurinka ba.

Abin da matar littafin ta yi a rumbu ba zan iya ba. Amma ina dama kunun tsamiya yadda kake so, kuma na iya gasa ƙafa. In babu aure, faɗa mini in haƙura. In akwai, aiko mai keke. Ɗaurin kayana na nan bakin ƙofa.

Allah ya ba ka lafiya, ya sa mu gana kafin a kira ɗayanmu.

Taka, in har yanzu taka ce,
Hajara