Adireshin Anti Rabi

Laraba da dare, Oktoba 2006

Littafina, ka yi haƙuri, na san ban isa sa baki a siyasa ba, amma kaina ya kulle.

Ɗazu Baba da Alhaji Sule suka zauna gaban kwamfuta suna karanta gardamar mutane kan wani mai neman kujerar sanatan jiha. Wai ya kama wani ƙaramin gida a Pleasant Garden don a ɗauke shi ɗan mazaɓar, alhali iyalinsa suna unguwar Irving Park.

Baba ya ce, "Alhaji, kai mai tuƙa tasi, ka taɓa ganin fitila a gidan nan?"

"Ko sauro bai taɓa kwana ciki ba! Maƙaryaci ne, kotu ta cire shi kawai."

Baba ya yi dariya har da tafi. Ni kuwa tiren shayi ya kusa suɓuce mini. Adireshin Anti Rabi aka ba makarantar da nake zuwa a matsayin gidanmu, don makarantar unguwarsu ta fi ta unguwarmu, High Point Road. Baba da kansa ya koya mini abin da zan faɗa. Sau ɗaya na kwana can, ranar suna.

Ga shi malama ta sa ni cikin masu cewa a cire mutumin a muhawarar ajinmu ta ranar Juma'a. Na tambayi Mama ko ba abin da muka yi ke nan ba, ta ce, "Naki daban ne, je ki kwanta." Ba ta faɗi bambancin ba.

Ka bar ni in sake rubuta maka ranar Juma'a, in ba a tambaye ni inda nake zaune ba.