Bulon da Sani Ya Ƙi Saki

Gummi,
Ranar Laraba, bayan la'asar.

Zuwa ga yayana Mamman Magini,

Bayan sallama, da addu'ar Allah Ya haskaka makwancinka. Na san wannan takarda ba za ta kai gare ka ba. Ko da kana raye ma, sai dai in karanta maka ita da bakina, tunda ni aka kai boko, kai aka bari da sana'ar Baba. Duk da haka na ja mata layi a gefe yadda na saba, na zauna rubutu, domin gobe da hantsi akwai wata takarda da ake jira in sa wa hannu, kuma ba ni da abokin shawara a kanta sai kai.

Mutanen gida suna lafiya. Ƙafar matarka Inna Rabi ta yi sauƙi. 'Yarka Hadiza ta haifi namiji, an mayar masa da sunanka. Zauren da ka gina wa Baba ya ga damina shida bayan tafiyarka, har yau bai ɗiga ba.

Maganar a kan ɗanka Sani ce. An ba shi aikin gina azuzuwa biyu a wani ƙauye gaba da Adabka, inda yara suke karatu a gindin tsamiya. Da yake ni tsohon hedimasta ne, sai aka naɗa ni shugaban kwamitin da zai duba ginin, ba tare da an lura cewa maginin ɗan yayana ba ne, ko kuwa an lura, shi ya sa ma aka naɗa ni. Idan na sa hannu, sati mai zuwa za a shigar da yara. Idan na ƙi, za a cire sunan Sani daga cikin waɗanda ake ba aiki a Bukkuyum, labari kuma zai kai Anka kafin ni in dawo gida.

Shekaranjiya na hau bayan babur na je. Hanyar tana nan yadda ka san ta, ƙashin bayana shaida ne. Daga nesa ginin ya yi kyau, an shafe shi da fenti ruwan ƙwai, kwanon rufi yana ƙyalli. Na zagaya bayansa, inda fenti bai kai ba, na goga babban yatsana a jikin bango. Yaya, yashi ne ya zubo mini a kan takalmi. Na saki igiyar awonka, wadda Inna Rabi ta ba ni bayan rasuwarka, daga saman kusurwar gabas. Bangon ya kauce wa igiyar da faɗin yatsu biyu. Na sake gwadawa har sau uku, ina fatan hannuna ne ke rawa.

Ka tuna yadda kake gwada bulo? Ka ɗaga shi zuwa ƙirjinka, ka sake shi a kan tsandauri. In ya tsaya, a yi gini. In ya fashe, duk waɗanda aka buga tare da shi ba za su shiga bangonka ba, ko wa zai yi fushi. Ka tuna yadda kake shayar da bulo ruwa safe da yamma har kwana bakwai, ba ka yarda a taɓa shi ko da mai gida yana tsaye a kanka? Mutane suna cewa kana da nawa. Ni ma na faɗa.

Akwai ragowar bulo a gefen ginin. Ban gwada da hannuna ba, don ƙarfina bai kai ba, kuma ba na son a ce ni na zaɓi marar kyau. Na janye Sani gefe, inda maigari da sauran 'yan kwamiti ba za su ji ba, na ce ya zaɓi wanda ya fi yarda da shi ya yi masa gwajin mahaifinsa. Ya fara da bayani. Ya ce lokaci aka yanka masa, ya ce ruwa yana da nisa, sai an ɗauko a amalanke, ya ce kowa haka yake yi yanzu, kuma ba a taɓa jin aji ya faɗi a wannan yankin ba. Na ce na ji, ya dai ɗauka. Ya sunkuya ya ɗauka, ya kai shi ƙirjinsa daidai inda kake kai naka. Sai ya tsaya. Na jira. Gumi yana bin wuyansa, amma bai saki ba. Can ya durƙusa ya ajiye shi a hankali kamar mai ajiye tulu, ya ce, "Baffa, ka san abin da zai faru."

Na sani, shi ma ya sani. Wannan ne kaɗai abin da ya sanyaya mini rai a ranar, kuma shi ne ya fi yi mini ciwo.

Jiya Inna Rabi ta zo da kanta, tana dogara sanda. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ni ne uban Sani yanzu, uba kuwa rufe asiri yake yi. Ta ce in sa hannu, in ya so da rani a gyara a asirce. Na tambaye ta, damina fa? Wa zai zauna a ƙarƙashin wannan bangon idan iskar farkon ruwa ta taso daga gabas? Sai ta ce ni dama tun ina yaro ba na ganin aikin kowa da kyau, har naka. Gaskiya ta faɗa.

Ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Lokacin da nake hedimasta a wajen Anka, aka nemi shawarata kan wanda zai gina mana aji. Sunanka ne ya fara zuwa bakina, na haɗiye shi. Na ji kunyar a ce yayan hedimasta ba shi da takardar shaida, ba ya iya sa hannu sai dangwale. Na kawo wani mai takardu daga Sakkwato. A damina ta biyu bango ya tsage daga sama har ƙasa. Ka zo a kan kekenka ba tare da na aika maka ba, ka rushe, ka sake bugawa. Abu guda ka roƙe ni, in riƙa zuba wa bulon ruwa safe da yamma, tunda a harabar nake kwana. Na ga bai dace da matsayina ba, na sa masinja. Ka gane, don na ga ka taɓa bulon ka dube ni, sannan ka ci gaba da aikinka. Me ya sa ba ka yi mini faɗa ba, Yaya? Da ka yi, da ya fi mini sauƙi.

Kuma ni ne na zaunar da Sani bayan sadakar arba'in ɗinka, na ce masa zamani ya canza, an ba mu jiharmu, ayyuka za su yi yawa, kada ya tsaya irin nawarka. Ya ji maganata. Yanzu wa zan hukunta?

Na daɗe ina zaton girman kai ne ke sa ka sauka daga keke duk inda muka wuce ginin da ka yi, ka ɗora tafin hannunka a bango kamar mai gaida aboki. Yanzu na gane cewa mai niyyar dawowa ya taɓa bangonsa bayan shekara ashirin ba zai rage masa siminti ba. Sani bai kalli nasa ginin ko sau ɗaya ba duk tsawon tsayuwarmu.

Ba zan sa hannu ba. Na rubuta dalilaina guda uku a takarda dabam, na karanta sau biyu, babu kuskure. Na aika wa Sani cewa in zai rushe bangon gabas da na kudu ya sake bugawa, zan tsaya gaban kwamiti in nema masa lokaci, in faɗa musu da bakina cewa laifin farko nawa ne. Har yanzu bai aiko da amsa ba. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai na ajiye alƙalami. Mai yiwuwa ya zo, mai yiwuwa kuma ɗanka ya daina gaishe ni har in tarar da kai.

Na riga na gaya wa maigarin can ya nema mini ɗaki na kwana bakwai, na kuma sayi bokiti. In Sani ya buga sabon bulo, ni zan shayar da shi, safe da yamma, da hannuna.

Ka yafe mini na wancan karon. Allah Ya jiƙan ka, Ya haɗa mu a inda babu abin da ke tsagewa.

Ƙanenka da ya makara,
Malam Garba, tsohon hedimasta.