Alawar Kamfani Ta Cinye Mini Haƙora

Anti Atika, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa. Ni 'yar Kagoro ce, ina aikin naɗe alawa a wani kamfani a Sharada. Ɗakin da muke aiki zafi ne kamar gidan burodi, kuma ba a barin mu fita shan ruwa sai an busa ƙahon hutu. Shi ya sa kowace mace ke ajiye fasasshiyar alawa a kumatu don kada baki ya bushe. Ta narke, ki sa wata. Haka nake tun daga safe har a tashi, shekara da shekaru.

Yanzu haƙorana na gaba sun yi kogo, ɗaya ya gutsure a kan ɗanyen rogo. Ko iska ta shiga bakina sai na ji har ƙwaƙwalwa. Kuma Anti, ba ƙazama ba ce ni! Babu man goge bakin da ban saya ba: ja, kore, mai yaji, har wata hoda da wani ya tallata mana a bas ya ce tana kashe tsutsar haƙori. Na haɗa da gawayi da gishiri ina dirza har dasashina ya yi jini.

Abin da ke cin raina shi ne waƙa. Ni ke jan baiti a ƙungiyar mawaƙan cocinmu. Ranar nan ina tsakiyar rerawa na ga wata tana kallon bakina, ta sunkuyar da kai. Tun daga ranar ban koma ba. Shugabanmu, Malam Obadiya, ya aiko cewa ni zan ja waƙar Kirsimeti, na ce mura nake yi. Waƙar nan ita kaɗai nake da ita a garin nan. Wane man ne zai mayar mini da haƙorana?

Taki,
Mai Rufe Baki, Sharada

Ƙanwata, ba zan yaudare ki ba: babu shi. Farin ɓawon da ke rufe haƙori in ya tafi ya tafi, ba ya tsirowa. Kogon nan sai likitan haƙori ya cike shi, kuma ki je da wuri tun akwai abin da za a cike.

Ba ki yi sakaci ba, kin dai yi ƙoƙari a inda ba nan ba. Hoda da gawayi kankare ɓawon suke ƙara yi, ki zubar da su yau. Launi da yaji da kumfa duk ado ne. Ki juya kwalin man ki duba ko an rubuta yana da sinadarin fuloraid, shi ke ƙarfafa abin da ya rage. Buroshi mai laushi, safe da kafin barci, ki tofar kada ki kuskure da ruwa.

Amma ko wane mai ne, ba zai iya da alawar da ke wuni a kumatu ba. Na san ƙishi ne ya kai ku, ba kwaɗayi ba. Ku haɗu ku roƙi mai kula da ku ya bari ku shiga da gorar ruwa.

Sai ki je ki faɗa wa Malam Obadiya gaskiya. Wataƙila ba za a gama gyaran kafin Kirsimeti ba, kuma masu kallo za su kalla. Alawa ta riga ta ci haƙoran, kada ki miƙa mata muryar ma. Allah ya ba ki lafiya.

Anti Atika