Gwangwanin Madara

Daren Talata, Panshekara

Na kasa cin abinci. Har yanzu warin fata nake ji a hannuna.

Bayan azahar aka kawo mini Habu ɗakin maganin kamfani, a sume. Ya shiga ramin ruwan wankin fatu zai buɗe magudana, warin ya buge shi. Kafin su kira ni, abokan aikinsa sun ɗura masa madara, gwangwani guda, wai tana kashe guba. Mutumin da ba ya iya haɗiya! Duk ta shige masa huhu. Na share masa baki, na yi ta danna ƙirjinsa har hannuwana suka sage. Kafin mu isa asibiti rai ya yi halinsa.

Sau nawa nake cewa zan tara su in koya musu? Kullum sai in ce bari aiki ya lafa.

Yayansa Malam Sale ne ya ruga ya sayo madarar. A ƙofar asibiti ya tsuguna gabana, gwangwanin yana hannunsa, ya ce, "Sista, don Allah ku faɗa mini gaskiya. Ko guda ɗayan ne bai isa ba?"

Na ce masa kwana ne ya ƙare. Allah Ya yafe mini.

Ran da wani ya sake faɗuwa, biyu za su sayo.