Ka Bar Gonar Bagwai

Ungogo, Kano.

Zuwa ga Yaya Abdussalam,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da iyali a can Fatakwal. Allah ya ƙara buɗi, ya tsare mana ku a wannan zamani na tsada. Mu nan lafiya lau. Inna ta ji sauƙin ƙafarta har tana fita duba awakinta, Ɗan'auta kuma ya gama girbin gero a Bagwai, an samu daidai gwargwado.

Saƙonka ya iso cewa za ka sayar da gonarka ta gado don ka fitar da ni daga rikicin gidan nan. Na yi kuka, Yaya, amma don Allah ka dakata ka ji yadda abin ya juya. Ka san da kuɗin tawa gonar na sayi sashen nan a benen Alhaji Muhammadu Sani bayan rasuwar baban su Luba. Zaman shekara hamsin na saya, ƙasa da rufi suna hannun Alhaji, da sharaɗin in gyara ya taso mu mazauna shida mu haɗa. To, bayan damina sai ga wakilinsa Kamilu da takarda, wai an yi babban gyaran yoyo a sama, kowa zai biya dubu ɗari shida kafin azumi, wanda ya gaza ya sayar wa Alhaji sashensa. Dubu ɗari shida! Ni da nake auna masara da rabin kwano tun da aka cire tallafin mai, albashina na koyarwa a Islamiyya ko kuɗin Keke Napep ba ya isa. Ba a shawarce mu ba, ƙarar injin kwaɓa siminti kawai muka ji. Da na tambayi abin da aka gyara, sai Kamilu ya ce ai aikin injiniya ne, ba na mata ba. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Ka san halina na 'yar ƙauye, ba na iya ganin rana tana tashi a banza. Da Ɗan'auta ya aiko da barkono ɗanye, na ɗauki tabarma na hau sama shanya, ko da yake Kamilu ya hana hawa. Yaya, me zan gani? An dai shafe tsagar da ke yoyo, wadda ba ta fi tsawon tabarmata ba. Amma ga ginshiƙai sababbi fil a jere, kowanne da rodi tsaye a kansa, ga bulo an tara. Ko yaro ya san in aka bar rodi a tsaye, hawa na gaba za a ɗora. Ashe da kuɗinmu za a gina wa wasu ɗakunan haya!

Na sauko na kira Malam Iliyasu, maƙwabcina na ƙasa, shi ma ya hau ya gani ya yi ta salati. Muka haɗu mu shida muka tafi wurin mai unguwa, tunda shi ya shaidi cinikinmu. Dattijon nan da sandarsa ya hau har sama, ya tsallake barkonona yana atishawa. Aka kira Alhaji. Ya ce shi ya ba da umarnin ƙarin bene, amma bai ce a ɗora mana ba, Kamilu ne ya haɗa lissafin wuri guda. Ko haka ne ko ba haka ba, Allah masani, ni ban tona ba. An tsaya a kan cewa gyaran yoyo kaɗai za mu biya, a kawo magini daga waje ya ƙiyasta, kuma a karɓa kaɗan-kaɗan. Ba a sa hannu ba tukuna, sai bayan Juma'a, amma wallahi barcina ya dawo.

Saboda haka ka bar gonar nan. Ni na sayar da tawa, na san yadda ake ji in an wuce ta gefenta. Ita kaɗai ta rage mana a cikin abin da Baba ya bari, daga cikinta Inna take ci, daga cikinta kuma barkonon nan ya fito.

Ka gaishe min da Anti Furera da su Basiru da Sakinatu. Inna da Luba suna gaisuwa. Barkonon ya bushe, na daka maka yaji, yana hanya wurin direban da ya saba kawo maka saƙo.

Taka ƙanwa,
Huseina