Jiniyar Gwaji da Ta Sa Na Goya Mahaifiyata

Zuwa ga Mudirin Sashen Kare Haɗurra na matatar man da ke maƙwabtaka da mu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan kai da iyali kuna lafiya.

Ni tela ce a unguwar Sa'alaba, nan Jidda. Ina zaune a hawa na uku na wani tsohon gini tare da Inna, mahaifiyata, mai fama da asma. Ranar Talatar nan bayan la'asar jiniyarku ta ɗauki kuka, kuma duk gidanmu ba wanda ya san ma'anarta. Maƙwabcina Malam Isufu, mutumin Damagaram, ya ce gas ne ya tsiyaye, a rufe tagogi. Matarsa ta rantse guguwa ce daga teku, a hau rufi. Ni kuwa na goya Inna na sauko da ita har titi. Iƙamarmu, wato katin izinin zama, da abin shaƙarta duk na baro su a sama, almakashi ne kawai a hannuna. Sai mai kantin ƙasanmu ya leƙo yana dariya, ya ce gwaji ne, halas, shi ke nan.

Mu ma mun yi dariya, har yau ana tsokanata. Amma Inna ta kwana biyu tana numfashi da ƙyar, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Na ɗaya, ashe kun turo saƙon sanar da gwajin tun da safe, da Larabci da Turanci. Yawancin dattawanmu ba sa karanta ko ɗaya. Ku haɗa da saƙon murya da Hausa.

Na biyu, ku bambanta mana kukan gwaji da na gaske, da wanda ke nufin a kulle ƙofa, da wanda ke nufin a fita. Ga shi allonku na wurin taruwa yana kusa da gangaren da ruwa ke kwanciya duk lokacin da aka yi ruwan sama mai ƙarfi. Don Allah ku zo ku duba da idonku.

In murya kuka rasa, ga tawa kyauta. Inna ta ce tun ina ƙarama ana jin ta daga layi na uku.

Allah ya kare ka da ma'aikatanka, ya sa jiniyar nan ta tsaya a gwaji har abada.

Wassalam,
Rabi Mai Ɗinki, Sa'alaba, Jidda